Haɗin Magani Biyu A Kan Dajin Mafitsara: Ina Rabonmu A Ciki?

A watan Oktoba na shekarar 2023 likitocin ciwon daji na ƙasashen Turai suka yi babban taronsu na shekara a birnin Madrid ta ƙasar Sifen. A wurin ne wani Baturen Ingila, Farfesa Thomas Powles na asibitin Barts da ke Landan, ya tashi ya karanta sakamakon wani gwaji da aka yi a kan mutum 886 masu fama da dajin mafitsara wanda ya riga ya bazu a jiki. Bai kai ƙarshen jawabinsa ba sai jama'ar da ke zauren suka miƙe tsaye suna tafi. Duk wanda ya san manyan likitoci ya san ba mutane ne masu saurin tafi ba, sun fi gwanancewa wajen neman inda lissafin ɗan'uwansu ya karkace. To, mene ne ya tashe su tsaye ran nan?

Abin da ya tashe su shi ne, kusan shekara 40 ke nan ana bugun wannan cuta da makami iri ɗaya, ana kuwa samun sakamako iri ɗaya. Mutumin da dajin ya bazu masa zuwa huhu, ko hanta, ko ƙashi, in an ɗora shi a kan magani, galibi abin da ya rage masa bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Ran nan aka nuna musu haɗin da ya ninka wannan wa'adi. Tun daga lokacin littattafan likitoci suka canza, kuma ya kamata masu karatu su san yadda aka yi aka zo nan, domin labarin ba mai miƙewa ɗoɗar ba ne, sa'an nan akwai wani gefe nasa da ya shafe mu fiye da yadda ya shafi Turawa.

Bari mu fara da ita cutar. Hanyar fitsari tana farawa daga ƙoda, ta biyo wasu siraran bututu guda biyu zuwa mafitsara, daga nan ta fita waje. Duk tsawon wannan hanya akwai wata 'yar fata mai laushi da ta shimfiɗe ta daga ciki, to a jikin fatar nan dajin yakan tsiro, mafi yawa a cikin mafitsara. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mutum wajen 614,000 suka kamu da dajin mafitsara a shekarar, wajen 220,000 kuma suka rasu. Maza sun ninka mata sau uku ko fiye. A ƙasashen Turawa shan taba ne ke jawo wajen rabin abin, domin dafin da ke cikin hayaƙi ƙoda ce ke tace shi, ya taru a mafitsara ya kwana. Alamar farko kuwa yawanci jini ne a fitsari, ba tare da wani zafi ba, wanda shi ya sa mutane ke yi masa sakaci.

MAKAMI NA FARKO

Makamin da aka daɗe ana riƙe da shi shi ne kemoterafi, watau maganin nan mai dafi da ake ɗurawa ta jijiya don ya kashe duk wata ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa. Ginshiƙinsa a wannan cuta shi ne wani magani wai shi sisfilatin, wanda aka samo ta hanyar katari. A 1965 wani masani a jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Barnett Rosenberg, yana gwada abin da wutar lantarki ke yi wa ƙwayoyin cuta, sai ya ga sun daina rabuwa. Da ya bi diddigi ya tarar ba wutar ba ce, ƙarfen filatinam ɗin da ya tsoma cikin ruwan ne ya narke ya zama guba. A 1978 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a fara ba mutane shi. A 1985 likitocin wani babban asibitin daji a New York suka haɗa shi da wasu magunguna uku, haɗin ya yi aiki amma yana jigata majiyyaci ƙwarai. A shekarar 2000 aka nuna in an haɗa sisfilatin da wani magani guda, jemsitabin, ana samun kusan amfani ɗaya da sauƙin wahala. Daga nan kuwa aka tsaya cik. Wata 14 zuwa 15, shi ne abin da ake samu, shekara ta bi shekara.

A nan tilas mu yi wa masu karatu bayanin wannan lissafi na watanni, don za mu yi ta ambatonsa. In likita ya ce magani kaza yana ba da wata 15, ba yana nufin kowa zai rasu a wata na 15 ba ne, rai a hannun Allah yake. Nufinsa shi ne, in aka ɗauki dukkan mutanen da aka ba maganin, a daidai wannan lokaci rabinsu sun rasu, rabi suna raye. A cikin rabin da suka rage akwai wanda zai yi shekara uku, akwai mai biyar.

Daɗin daɗawa, sisfilatin yana cin ƙoda. Masu wannan cuta kuwa yawancinsu dattawa ne, ga shi kuma dajin kansa yakan toshe bututun fitsari ya raunana ƙodar. Saboda haka wajen rabin majiyyata ba sa iya ɗaukarsa, sai a ba su ƙanensa, kabofilatin, wanda ya fi sauƙi a jiki amma bai kai shi ƙarfi ba. A riƙe wannan bambanci tsakanin wa da ƙane, za mu dawo kansa.

MAKAMI NA BIYU

Makami na biyu shi ne zaburar da garkuwar jiki, watau maimakon a zuba wa daji guba, sai a sa sojojin da Allah ya halitta a cikin jinin mutum su yaƙe shi da kansu. Abin mamaki, dajin mafitsara yana cikin cututtukan farko da wannan dabara ta ci. Allurar nan ta BCG da ake yi wa jarirai don tarin fuka, wadda ta bar wa yawancinmu tabo a dantse, ita ce wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya ɗura cikin mafitsarar majiyyata a 1976. Garkuwar jiki ta taso don ta yaƙi ƙwayoyin allurar, ta haɗa da dajin da ta tarar a wurin. Har yau ana amfani da wannan hanya, amma ga dajin da bai nutsa cikin naman mafitsara ba. Wanda ya bazu ya fi ƙarfinta.

Sai a 1992 wani masani a jami'ar Kyoto ta Japan, Tasuku Honjo, ya gano wani abu a jikin fararen ƙwayoyin jini wanda aka sa wa suna PD-1. Daga baya aka gane aikinsa kamar na linzami ne a bakin doki. Allah ya sa shi ne don kada sojojin jini su yi wa jikin mai su ɓarna. To shi daji mai wayo ne, yakan koyi yadda zai ja linzamin, sojoji su zo har gabansa su tsaya ƙiƙam. Masana suka ƙera magungunan da ke zare linzamin nan. A kan wannan fanni aka ba Honjo da wani Ba'amurke, James Allison, lambar yabo ta Nobel a 2018.

A 2016 Amurka ta amince da irin wannan magani na farko ga dajin mafitsara, Tecentriq na kamfanin Roche. A 2017 aka nuna Keytruda na kamfanin Merck ya fi kemoterafi ga waɗanda sisfilatin ya riga ya gaza a kansu, wata 10.3 maimakon 7.4. Ƙarin ba shi da yawa, gaskiya ne. Amma likitoci sun lura da wani abu: maganin yana kama mutum ɗaya ne kawai cikin biyar, sai dai wanda ya kama, yakan daɗe ƙwarai dajin bai dawo ba. Kemoterafi kuwa akasin haka yake, yana kama mutane da yawa da sauri, amma bayan 'yan watanni sai dajin ya sake tsirowa. Ɗaya mai saurin gudu ne marar juriya, ɗaya mai nawa ne mai dogon numfashi. Kowa ya ji haka zai ce ai sai a haɗa su. Haka kamfanoni suka ce, suka kuwa zuba kuɗi.

INDA LISSAFI YA ƘI

Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Gwaji na farko, na Roche, ya ɗauki mutum sama da 1,200, aka buga sakamakonsa a 2020. Waɗanda aka ba kemoterafi tare da Tecentriq sun sami wajen wata 16, waɗanda aka ba kemoterafi zalla sun sami 13.4. Ido zai ce an ci riba, amma bisa ƙa'idar lissafin da masu gwajin suka gindaya wa kansu tun farko, tazarar ba ta isa a rantse cewa maganin ne ya kawo ta ba. Gwaji na biyu, na Merck, mutum 1,010, sakamakonsa ya fito da wata 17 a kan 14.3, shi ma bai haye ba. Wani gwaji na kamfanin AstraZeneca, wanda ya gwada ajiye kemoterafi gaba ɗaya a ba da magungunan garkuwa kaɗai, shi ma ya faɗi a 2020. A ƙarshen 2022 Roche ya janye Tecentriq daga maganin wannan cuta a Amurka. Abin da ya ƙara ɗaure wa likitoci kai shi ne, irin wannan haɗi ya riga ya yi nasara a dajin huhu.

A daidai wannan lokaci na sanyin gwiwa wani gwaji dabam ya ci, mai suna JAVELIN, wanda shi ma Farfesa Powles ne ya jagoranta. Su ba su haɗa magungunan a lokaci guda ba. Sai da aka gama zagaye huɗu zuwa shida na kemoterafi, sa'an nan aka ɗebi mutum 700 waɗanda dajinsu ya lafa ko ya tsaya, aka ba rabinsu maganin garkuwa mai suna Bavencio duk bayan mako biyu, rabi aka bar su da kulawa kawai. Na farko suka sami wata 21.4, na biyu 14.3. A ganinmu wannan gwaji ne ya koya wa likitoci darasin da suka fi bukata, watau tambayar ba wai a haɗa ko kada a haɗa ba ce, tambayar ita ce wanne za a haɗa da wanne, a wane lokaci, ga wane majiyyaci. Dalili kuwa a fili yake in aka yi tunani. Kemoterafi ba ya tantance ƙwayar daji da farar ƙwayar jini, dukansu yake bugu. Ka zare wa doki linzami ran da ka karya masa ƙafa, ina amfanin? Amma in ka bari guba ta gama aikinta, ta rage yawan abokan gaba, sojoji suka farfaɗo, sa'an nan ka sake su, sai su riƙe filin.

Sai dai kada a manta, waɗanda suka shiga gwajin JAVELIN zaɓaɓɓu ne, su ne waɗanda suka tsallake kemoterafi lafiya. Wanda dajinsa ya ci gaba tun yana kan kemoterafi, ko jikinsa ya gaza a hanya, bai kai wannan mataki ba balle ya amfana.

Yanzu mu dawo kan wa da ƙane. Da masana suka koma suka tona alkaluman gwaje-gwajen da suka faɗi, sai suka lura ɗan amfanin da aka gani ya fi taruwa wajen waɗanda aka ba sisfilatin, ba waɗanda aka ba kabofilatin ba, alhali a gwajin Roche masu kabofilatin ne suka fi yawa. Akwai alamun cewa sisfilatin, bayan kisan da yake yi, yana kuma taimaka wa garkuwar jiki ta gane daji. To a taron nan na Madrid, a zama ɗaya da na Powles, wani likita daga birnin Amsterdam ta Holan, Michiel van der Heijden, ya karanta sakamakon gwajin CheckMate 901, wanda aka keɓe shi ga masu iya ɗaukar sisfilatin kaɗai, mutum 608. Waɗanda aka ƙara wa Opdivo na kamfanin Bristol Myers Squibb a kan sisfilatin da jemsitabin sun sami wata 21.7, sauran 18.9. Wannan karon lissafi ya haye. Ƙarin wata uku ne, ba abin a buga ganga ba, amma ga abin dubawa a ƙasansa: waɗanda dajin ya ɓace musu ƙaf a hoto sun kai kashi 21.7 cikin 100, maimakon 11.8, kuma ɓacewar ta daɗe wajen wata 37 maimakon 13. Watau mutum ɗaya cikin biyar ya sami shekaru, ba watanni ba. Amurka ta amince da wannan haɗi a watan Maris na 2024. A wata shekarar da wannan shi ne babban labarin taro. Sai ya yi rashin sa'ar fitowa rana ɗaya da wanda ya shafe shi.

GUBA A BAKIN KIBIYA

Gwajin da aka yi wa tafi sunansa EV-302. Jaridu da yawa sun ba da labarinsa da cewa wai an rabu da kemoterafi. Mu dai ba mu yarda da wannan fassara ba. Maganin da aka haɗa da Keytruda a gwajin, mai suna Padcev, guba ne shi ma, har ya fi sisfilatin dafi nesa, ta yadda ba a iya ɗura shi tsirara cikin jini. Asalin dafin an kwaikwayo shi ne daga wani sinadari da aka fara samowa a jikin wata halittar teku mai kama da katantanwa marar kwanso a Tekun Indiya. Dabarar da aka yi ita ce, aka ɗaure dafin a jikin wani ƙerarren sinadari mai neman wata alama da ke da yawa a fatar ƙwayoyin dajin mafitsara. Sinadarin ya bi jini, ya manne wa ƙwayar daji, ta haɗiye shi, dafin ya kwance a cikinta. Maharban da sun san wannan, ba a watsa dafi a daji, a bakin kibiya ake shafa shi. Saboda haka kemoterafi ne dai, amma mai saiti, kuma mai yiwuwa shi ya sa bai karya sojojin jini kamar yadda tsohon ke yi ba, har suka iya aiki tare.

Ga alkaluman. Masu sabon haɗi sun sami wata 31.5, masu tsohon magani 16.1. Dajin ya ragu a jikin kashi 68 cikin 100, maimakon 44. Ya ɓace ƙaf ga kashi 29, maimakon 12.5. Kuma abin ya yi aiki ga mai lafiyar ƙoda da marar ita, wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne ga rabin majiyyatan nan da aka daɗe ana ba su ƙane don wa ya fi ƙarfinsu. Ran 15 ga Disamba, 2023, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. A watan ne kuma kamfanin Pfizer ya kammala sayen Seagen, ɗaya daga cikin kamfanoni biyu masu Padcev, a kan dala biliyan 43. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin kuɗin nan daga aljihun majiyyata da masu inshora za a fanshe shi.

Akwai abin da za a ce game da gwajin, an kuwa faɗa. A cikin waɗanda aka ba tsohon magani, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami Bavencio daga baya, alhali shi ne mafi kyawun abin da ake da shi a lokacin. Watau abokin karawar bai shiga fili da cikakken shirinsa ba. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba mai hankalin da zai ce wannan ne kaɗai ya kawo ta. Sa'an nan maganin ba ruwan sanyi ba ne. Yana kawo ƙuraje da saɓar fata, wani lokaci mai tsanani har ya yi kisa. Yana kashe jijiyoyin yatsun hannu da na ƙafa, mutum ya kasa ɓalla maɓallin riga. Yana ta da sukari a jini. Shi kuma Keytruda, da yake linzami ya zare, sojojin sukan juya kan mai gida, su kama huhu, ko hanji, ko hanta, ko halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Fiye da rabin waɗanda aka ba haɗin sun gamu da wata illa mai tsanani, ko da yake masu tsohon magani sun fi su, wajen kashi 70. Magani ne da ke bukatar asibiti mai ɗakin gwajin jini da ke aiki kullum, da likitan da za a samu da tsakar dare.

Ba a tsaya nan ba. A 2024 aka nuna ƙara Imfinzi na AstraZeneca a kan kemoterafi kafin a yi tiyatar cire mafitsara, da ci gaba da shi bayanta, yana rage dawowar cuta da mutuwa ga waɗanda dajinsu bai bazu ba tukuna.

TO MU FA?

Duk wannan labari na Turai ne da Amurka da gabashin Asiya. A can, wajen kashi 90 cikin 100 na dajin mafitsara irin wanda ke tsirowa daga asalin fatar hanyar fitsari ne, kuma a kan masu wannan iri aka gina gwaje-gwajen nan duka. A ƙasarmu kuwa, musamman a Arewa, akwai wani iri dabam wanda tushensa tsargiya ce. Tsutsar tsargiya, wadda wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano a Alƙahira a 1851, tana fitowa daga jikin dodon koɗi a tafki ko fadama, ta huda fatar yaro mai wanka, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙwan nan yana gurzar fatar mafitsara har ta rikiɗe ta yi kanta, ta zama kamar fatar waje, daga nan daji ya tsiro a kanta. Tun 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Nijeriya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen yawan masu tsargiya. Likitocin asibitin koyarwa na Sakkwato sun daɗe da rubuta cewa yawancin dajin mafitsara da suke gani irin na tsargiya ne. Wanda ya san garuruwan da ke kewaye da madatsun Tiga da Bakolori da Goronyo ba zai yi mamaki ba. Har yanzu a wasu ƙauyuka in yaro ya yi fitsarin jini sai a ce alamar balaga ce.

Wannan iri na tsargiya yakan kama mutum yana ɗan shekara 40 ko 50, yana tsakiyar ƙarfinsa da ɗawainiyar iyali, ba kamar na Turawa ba da ya fi kama 'yan 70. Ba ya jin sisfilatin yadda ɗaya irin ke ji, tiyata ce babban maganinsa in an same shi da wuri. Alkaluman da aka yi wa tafi a Madrid ba a kan irinsa aka tara su ba, saboda haka likitan da ke Zariya ko Kano ko Maiduguri ba zai iya ɗauko wata 31 ɗin nan ya yi wa mai dajin tsargiya alkawari da shi ba. Kamfanonin kuwa ba su da wani abin da zai ja su su kashe kuɗi a kan cutar da masu ita manoma ne da masunta. In za a yi wannan gwaji, sai dai asibitocinmu na koyarwa da irin na Masar da Sudan su nema da kansu, kuma a ganinmu aikin da ya kamata sabuwar cibiyar binciken daji ta tarayya da aka buɗe a Abuja a 2023 ta sa a gaba ke nan.

Ga wanda kuma nasa irin na Turawa ne, don mu ma muna da shi, mashaya taba ba su ƙare ba a Ikko ko Kaduna, sai maganar kuɗi ta tare hanya. A Amurka farashin Keytruda na ɗurawa ɗaya ya haura dala 10,000, ana kuwa ɗura shi duk mako uku har tsawon shekara biyu, ban da Padcev da ke tafiya tare da shi. A 2024 kaɗai Merck ya sayar da Keytruda na sama da dala biliyan 29. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000. Ba sai mun yi wa mai karatu lissafi ba. Asusun da Gwamnati ta kafa don taimakon marasa galihu masu ciwon daji, da aka fara shi, iri uku ya ɗauka: na nono, na bakin mahaifa, da na maza da ke toshe fitsarin dattawa. Na mafitsara bai shiga ba.

Akwai ƙofofi biyu da ke iya buɗewa. Ta farko, haƙƙin mallakar Keytruda zai fara ƙarewa a 2028, daga nan wasu kamfanoni za su iya fito da irinsa da rahusa. Ta biyu, likitocin asibitin Tata da ke Mumbai ta Indiya sun gwada ba masu dajin baki da maƙogwaro Opdivo miligiram 20 kacal duk mako uku, alhali a Amurka 240 ake bayarwa duk mako biyu, suka haɗa shi da magungunan sha masu araha. Waɗanda suka kai shekara guda a raye suka tashi daga wajen kashi 16 zuwa 43 cikin 100. Wannan a wani daji ne dabam, ba za a ɗauko shi kai tsaye a ɗora wa mafitsara ba, amma ya nuna awon da kamfani ya rubuta a kwali ba shi ne iyakar abin da ke aiki ba, kuma ƙasa marar kuɗi tana iya yin nata binciken ta amsa tambayar da ta dame ta.

Masar ta bi wata hanyar. A shekarun 1970, wajen kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsara da ake gani a babbar cibiyar daji ta Alƙahira irin na tsargiya ne. Da suka dage da rabon maganin tsargiya a ƙauyukan bakin Nilu, zuwa shekarun 2000 ya sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Maganin, firazikwantel, ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya bisa awon tsawon yaro, kuma wani kamfanin Jamus yana ba Hukumar Lafiya ta Duniya har ƙwaya miliyan 250 kyauta kowace shekara don yaran Afirka. Abin da ya rage wa Jihohi da Ƙananan Hukumomi shi ne mota da mai da malamin da zai kai ta makarantun boko da tsangayu, a kuma maimaita kowace shekara, tun da yaro zai koma tafkin nan dai muddin babu famfo a garin. Babban mutum kuwa da ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, ko ya sha maganin tsargiya ya ga ya ɗauke, abin da ake bukata shi ne likitan mafitsara ya leƙa ciki da madubin nan mai bututu, ya ɗebo ɗan nama a kai ɗakin gwaji, domin daga nan ne kaɗai ake sanin wane iri ne, da kuma ko ya nutsa.